Yadda Ake Cire Gam Ɗin Da Sitika Ta Bari A Jikin Jirgin Ruwa

Tambaya ɗaya ce ke ta dawo mini daga masu ƙananan jiragen ruwa: na ɓare tsohuwar sitika, to gam ɗin fa? Wani ya ce ya murza da tsumma har kafaɗarsa ta yi tsami, abin sai ƙara faɗi yake yi. Wani ya zuba tina, gam ya tafi, fenti ya bi shi. Wani kuma ya rantse ya cire komai tas, amma da rana ta haska gefen jirgin sai ya ga tsohon sunan yana nan raɗau, kamar ba a taɓa shi ba. Na gaji da ba da amsa guntu-guntu, shi ya sa na zauna na jera aikin daga farko har ƙarshe.

Kafin mu fara, riƙe wannan: gam ɗin sitika jiƙa shi ake yi ya saki, sannan a kwashe shi. Duk wanda ya fara da murza ya ninka wa kansa aiki, domin murza shimfiɗa gam take yi, ta mayar da tabo mai faɗin yatsa ya koma mai faɗin tafin hannu.

1. Fara sanin jikin da kake aiki a kai

Sinadarin da ya yi wa wani aiki lafiya lau zai iya ɓata naka jirgin, domin ba jiki ɗaya gare su ba. Yawancin ƙananan jiragen shaƙatawa da na kamun kifi na zamani da faiba ake ƙera su, wato zaren gilashi da ake haɗawa da wani irin gam mai daskarewa, kuma santsin nan mai sheƙi da kake gani a waje sunansa jelkot. Wani ɓawo ne mai tauri da ake fesawa a cikin mazubi tun kafin a shimfiɗa faibar. Ya fi fenti jure sinadarai nesa ba kusa ba, amma kaurinsa kusan rabin milimita ne kacal. Ka tuna da wannan rabin milimitar, za mu dawo kanta fiye da sau ɗaya.

Akwai kuma jirgin faiba da aka sake yi wa fenti, da na alminiyam mai fenti, da na alminiyam tsura, da na katako, da na hurawa da ake yi da roba irin PVC ko Hypalon. Idan na hannu ka saya, kada sheƙi ya sa ka ɗauka jelkot ne. Duba gefen ƙarafan da aka ɗaure da kusoshi, da bakin robar da ta zagaye jirgin. In ka ga layin da salatif ya bari, ko ɗigon fenti a kan kusa, ko wurin da ya ɓantare wani launi ya leƙo daga ƙasa, to fenti ne. In ka kasa tantancewa, ɗauke shi a matsayin fenti ka lallaɓa shi. Ɗan lokaci kawai za ka rasa.

2. Kayan aiki

Abu na farko shi ne rezar roba, wato reza mai siffar ta aski amma ta filastik, tare da mariƙinta. A ƙunshi ake sayar da ita kuma ba ta da tsada, don haka sayi da yawa, bakinta yana saurin dakushewa. Tsohon katin banki ma yana yi idan wurin kaɗan ne. Sai tsummoki masu laushi irin na goge mota, aƙalla goma, kuma ka sa a ranka yawancinsu ba za su sake moruwa ba. Ka haɗa da takardar goge hannu mai kauri, da siririyar ledar nan mai manne wa abu, da salatif na takarda irin na masu fenti, da bokiti da sabulu, da dirayar busar da gashi.

A ɓangaren sinadarai, kana buƙatar mai narkar da gam guda ɗaya. Akwai waɗanda ake yi da man ɓawon lemo, irin su Goo Gone, akwai kuma irin 3M General Purpose Adhesive Cleaner da masu fentin mota ke amfani da shi. In babu su, farin sifirit na wanke buroshin fenti ko kananzir suna yi, sai dai sun fi jan lokaci. Ka tanadi sifirit na asibiti, wato aisofurofil, domin wankin ƙarshe. Safar hannu da tabarau kuwa ba zaɓi ba ne.

Game da kuɗi: abin da zai ɗan taɓa aljihunka shi ne tayar roba ta goge sitika da ake ɗaura wa injin huda, sai kayan folish idan aikin ya kai can. Kada ka saye su tun yanzu. Jira ka ga ko za ka buƙace su. Abin da ya fi komai tsada a wannan aiki shi ne gyaran jelkot da aka ƙone ko aka kankare, kuma wannan kuɗin hannunka ne zai hana ka biyansa.

Gargaɗi: rezar ƙarfe, wuƙa, soson ƙarfe da koren soson wanke tukunya, duk ka nisanta su da jirgin. Rezar ƙarfe tana yanka layin da folish ba ya cirewa. Soson ƙarfe kuma yana barin ƙananan ɓurɓushi da za su yi tsatsa, bayan mako guda ka ga jajayen ɗigo sun fito ko'ina.

3. Wuri da wanka

Fito da jirgin tudu. Aikin nan ba a yin sa jirgi yana kan ruwa, domin duk abin da ya ɗiga cikin ruwan zai faɗa, kuma ba za ka samu tsayuwa mai kyau ba. Nemi inuwa mai iska. A rana sinadarin bushewa yake yi kafin ya ratsa gam, a rufaffen gareji kuma tururinsa kanka zai hau.

Wanke wurin da sabulu da ruwa sosai, ka bar shi ya bushe. Gam yana kama yashi da gishiri, kuma ƙwayar yashi ɗaya da ta shiga ƙarƙashin rezarka ta isa ta ja maka zane daga wannan kai zuwa wancan. Bayan haka sai ka manna salatif a ƙasan wurin da za ka yi aiki, ka liƙa masa leda ko takarda ta sauko, don kada sinadari ya gangara kan fentin ƙasan jirgi ko kan sitikar da kake son ka bari.

Gargaɗi: tururin waɗannan sinadarai ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi ya taru a ramin cikin jirgi. Idan a ciki za ka yi aiki, cire kan batir tukuna, domin famfon kwashe ruwa yana iya tashi da kansa, tartsatsin wutarsa ya kunna tururin. Ba taba, ba walda a kusa.

4. Gwaji a ɓoyayyen wuri

Minti biyar ne, kuma shi ne mutane suka fi tsallakewa. Zaɓi wurin da ido ba ya kaiwa, ka ɗiga sinadarin a farin ƙyalle, ka danna shi a wurin na minti biyu zuwa uku, ka ɗaga ka duba. In launin jirgin ya hau ƙyallen, ko wurin ya dushe, ko ya yi laushi a ƙarƙashin farce, ajiye wannan sinadarin ka koma wanda bai kai shi ƙarfi ba.

Akwai abin da ke ruɗa mutane a nan. Tsohon jelkot mai launi da rana ta ci yakan yi gari-gari a sama, ko da ruwa zalla ka goga sai launi ya hau ƙyalle. Saboda haka fara gogawa da ruwa. In ruwa ma ya ɗebo launi, to garin tsufa ne, sinadarin bai yi laifi ba. Goge garin, sannan ka sake gwajin.

5. Ɗumama, ka kwashe mai kaurin

Taɓa gam ɗin da yatsa. In har yanzu yana da danƙo, rabin aikin zai fita ba tare da ɗigon sinadari ba. Kunna diraya, ka riƙe ta kamar taƙi ɗaya daga jikin jirgin, kana kai da kawowa a kan wuri mai faɗin tafin hannu biyu har ya yi ɗumi. Sai ka sa babban yatsa ka tura gam ɗin gefe guda. Za ka ga yana naɗewa yana zama ƙananan dunƙule. Tsince su ka yar. Inda ya fi kauri, kwantar da rezar roba sosai, kusan a kwance, ka tura gaba a hankali. Wata dabara kuma ita ce ka manna salatif mai ƙarfi a kai, ka danna, ka fizge. Gam yana son ɗan'uwansa, yakan bi shi.

Gargaɗi, kuma a nan zan ɗan tsaya: bindigar zafi ta masu cire fenti tana iya kai digiri 500 a ma'aunin Salshiyas, diraya kuwa ba ta kusanci haka ba. Abin da kake nema ɗumi ne kawai. In ba za ka iya ɗora tafin hannunka a wurin na daƙiƙa biyu zuwa uku ba, zafin ya wuce kima. Ni na koyi wannan da tsada. A wani jirgi mai launin shuɗi mai duhu, ina riƙe da bindigar zafi wani ya yi mini magana, na waiwaya na amsa, hannuna ya tsaya wuri ɗaya. Ko daƙiƙa goma ba a yi ba. Da na juyo sai na ga jelkot ya tashi ya yi bororo mai faɗin kwabo, gefensa ya yi ruwan ƙasa. Gam ɗin dai ya fita, amma sai da aka kankare wurin aka sake zuba jelkot, kuma launin bai taɓa dacewa da sauran jikin ba. Garin gyaran gira na rasa ido. Tun daga ranar diraya nake ba duk wanda bai saba ba.

Gargaɗi na biyu: zafi kafin sinadari ake yin sa. Da zarar ka buɗe kwalba, kashe diraya ka kai ta nesa.

6. Jiƙa, jira, kwashe

Nan ne zuciyar aikin. Raba wurin gida-gida, kowane gida kamar faɗin takardar littafi, ka fara daga sama kana saukowa, don abin da ya gangaro ya sauka kan wurin da ba ka riga ka gyara ba.

Matsalar gefen jirgi ita ce a tsaye yake. In ka fesa sinadari, kafin ya yi komai ya zurare ƙasa. Maganin haka shi ne ka jiƙa takardar goge hannu da sinadarin, ka shimfiɗa ta a kan gam ɗin, ita da kanta za ta manne. Sai ka rufe ta da siririyar leda don kada ya bushe, ka kama gefen da salatif. Yanzu ka jira. Duba abin da aka rubuta a jikin kwalbar, amma a gwajina minti uku zuwa biyar sukan isa ga gam mai danƙo, tsohon da ya bushe kuma yakan nemi goma ko fiye. Yayin da kake jira, shimfiɗa wata takardar a gida na gaba, ta yadda kana kwashe wannan, wancan yana jiƙa.

Yaya za ka san ya nuna? Ɗaga gefen takardar ka tura da bakin reza. Gam ɗin da ya jiƙa yakan kumbura, ya yi yauƙi kamar majina, ya taru a bakin reza ba tare da ka danna ba. In ka ji kana sa ƙarfi, bai yi ba, mayar da takardar ka ƙara masa lokaci. Kowace turawa ɗaya, share bakin rezar a tsohuwar takarda kafin ka sake turawa. In ba haka ba, abin da ka ɗebo a nan za ka kai can ka shafa.

Sai bayan reza ta kwashe mai yawan ne tsumma ke shigowa. Ninke shi huɗu, ka ɗiga masa sinadari, ka share sau ɗaya zuwa gefe guda, ka juya sabon ɓangare, ka sake sharewa. Kada ka yi ta zagaye da shi kamar mai goge gilashi. Da zarar duk ɓangarorin sun yi danƙo, jefar da shi ka ɗauki wani. Rowar tsumma ita ce ta fi ɓata wa mutane lokaci a wannan aiki. Tsumman da ya ƙoshi da gam ba abin da yake yi sai mayar maka da shi.

Kada ka yi tsammanin zagaye ɗaya zai gama. Biyu zuwa uku shi ne abin da aka saba, kuma kowanne ya fi wanda ya gabace shi sauƙi.

Mutane suna yawan tambaya game da WD-40, man feshin nan na kwance tsatsa. Yana yi, musamman a kan gam mai laushi, amma yana barin maiƙo mai yawa da sai an wanke sosai. Sifirit na asibiti shi kaɗai kuma yana saurin bushewa, ya fi amfani a kan ɗan saura-saura.

Gargaɗi: fetur yana narkar da gam, shi ya sa wasu ke ba da shawararsa. Kada ka saurare su. Tururinsa yana kama wuta ko a cikin tsananin sanyi, ƙyas ɗaya ya ishe shi. Tina ta masu fenti kuma aikinta ke nan narkar da fenti, ba ta san wanda kake so da wanda ba ka so ba. Sinadarin wanke tanda, wanda wasu ke shafawa, yana da soda mai cin alminiyam.

7. Idan gam ya bushe ya zama ɓawo

Sitikar da ta shekara goma a rana takan bar gam da ya ƙeƙashe, ya yi rawaya, wani lokaci da guntayen robar a manne. Irin wannan sinadari ba ya ratsa shi da sauƙi. A nan ne tayar roba ke biyan kuɗinta. Faifai ne na roba mai laushi, kamar abin goge fensir, ana ɗaura shi a injin huda, yana murje gam ya zubo kamar gari.

A busasshen wuri ake amfani da ita, don haka in ka riga ka sa sinadari, wanke ka bar shi ya bushe tukuna. Duba iyakar gudun da aka rubuta a jikinta. Ta kamfanin 3M juyi 4,000 ne a minti, kuma rabin haka ma ya wadatar. Da gefen tayar ake aiki, a taɓa a ɗaga, a taɓa a ɗaga, ana tafiya. Nauyin injin kaɗai ya isa, kada ka jingina a kai. Kowane ɗan lokaci ka taɓa wurin da bayan hannu. Gogayya zafi take haifarwa, kuma tayar da aka tsayar wuri ɗaya tana ƙona jelkot daidai da bindigar zafi. Bayan ta gama za ta bar ɗan dusu-dusu, sai ka bi da sinadari da tsumma kamar yadda aka yi a mataki na 6.

Gargaɗi: ban da tagogin roba, ban da jirgin hurawa, ban da sassan filastik. A kan fenti kuma, musamman siririn fentin jirgin alminiyam, sai an gwada a ɓoye, domin takan cinye shi har ƙarfe ya leƙo.

8. Asiton, in komai ya gaza

Asiton shi ne sinadarin nan da ake cire jan farce da shi. Ra'ayin masu jirage ya rabu a kansa, ga nawa. A kan jelkot na asali da ya daɗe da bushewa, shafa asiton a share nan take ba ya yin illa, masu gyaran faiba kullum da shi suke goge wuri. A kan alminiyam tsura ma haka. Amma bai kai yadda ake zuzuta shi ba wajen cire gam, domin a digiri 56 yake tafasa, kafin ya jiƙa komai ya bi iska, ya bar maka gam a shimfiɗe. Amfaninsa a kan ɗan tabon ƙarshe ne da ya ƙi ji. Ɗiga a ƙyalle, share, bi da ruwa. Kada ka jiƙa takarda da shi ka rufe da leda kamar sauran.

Gargaɗi: asiton yana lalata fenti, da tagar roba, da PVC, da kujerun leda, da sitikar da ke kusa. Yana ratsa siririyar safar hannu ta asibiti cikin ɗan lokaci, sai mai kauri ta robar butil ke tare shi. Kuma wajen kama wuta ƙanin fetur ne.

9. Wurare masu gardama

Daɓen jirgi mai ƙurji-ƙurji na hana santsi reza ba ta shiga ramukansa. Jiƙa shi kamar yadda aka saba, sannan ka bi da buroshi mai gashin roba, tsohon buroshin haƙori ma ya yi, kana ɗauke abin da ya taso da tsumma. Haka za ka yi a gefen kusoshin jirgin alminiyam, sai dai kada ka bar sinadari ya kwanta a kan abin toshe ɗigon da aka sa a haɗe-haɗe, yana sa shi laushi.

Tagogi kuwa, da yawa a ƙananan jirage ba gilashi ba ne, roba ce mai haske irin Plexiglas. Asiton, tina, sifirit da ruwan goge gilashi mai amoniya duk suna sa ta dushe ko ta yi ƙananan tsage-tsage da ba sa gyaruwa. Ruwan ɗumi da sabulu za ka fara da su, in sun gaza ka ɗiga kananzir kaɗan a ƙyalle mai laushi, ka wanke nan da nan.

Jirgin hurawa ya fi kowa laulayi. A da yawansu da gam aka haɗa sassan jikin, don haka abin da ke narkar da gam ɗin sitika yana iya taɓa na haɗin. Murza da yatsa, sabulu, da abin wankin da aka yi musamman dominsa. In dole sai ka sa wani abu, ɗan kaɗan a ƙyalle, nesa da layin haɗi.

10. Wanke maiƙon, ka tabbatar

Duk mai narkar da gam yana barin maiƙo. Wanke wurin da sabulu da ruwa, ɗauraye, bar shi ya bushe, sannan ka share da sifirit na asibiti a sabon tsumma. Idan jelkot ne ko ƙarfe ke nan.

Ido yana yaudara a nan, hannu ya fi shi gaskiya. Shafa bayan yatsunka a wurin, inda gam ya saura za ka ji ya riƙe ka. Da yamma kuma haska tocila daga gefe, a kwance da jikin jirgin, duk wani saura zai fito fili. Wanda ya tsallake wannan duban, mako biyu ba za su cika ba zai ga baƙin zane a daidai gefen tsoffin haruffa, ƙura ta samu wurin zama.

11. Inuwar da ta ƙi tafiya

Yanzu mu dawo ga mutumin da ya cire komai amma suna yana nan. Wannan inuwar ba gam ba ce, kuma ko galan guda na sinadari ka juye mata ba za ta motsa ba. Abin da ya faru shi ne, shekaru sitika tana kare abin da ke ƙarƙashinta daga rana, yayin da sauran jikin ke koɗewa yana zaizayewa. Wurin da ka buɗe shi ne asalin launin jirgin. In ka ja farce a hankali, wani lokaci har za ka ji ya ɗan fi kewayensa tudu. Saboda haka kewayen ne ke buƙatar gyara.

Fara da mafi sauƙi. A farin jirgi da ya yi rawaya, ruwan wanke jikin jirgi mai sinadarin oksalik yakan rage bambancin ƙwarai. Sai dai ka jiƙa tirelar da jirgin ke kai da ruwa ko ka rufe ta, domin yana ɓata farin rufin ƙarfenta. In inuwar tana nan, sai man goge mai ɗan kaushi, wanda masu fentin mota ke kira kwamfawun, da hannu ko da injin folish, a kan wuri mai faɗi, ba iya haruffan kaɗai ba. In ka goge iya wurin, ka sauya inuwar suna da inuwar faci ne kawai. Ni duk gefen nake bi.

In har wannan bai isa ba, saura samfefar ruwa: lamba 1000, sai 1500, sai 2000, a naɗe a kan katako mai laushi, ruwa yana zuba, sannan kwamfawun, sannan folish. A nan ne rabin milimitar nan ke da magana. Kowace gogawa tana rage ta, kuma a kusurwa da kan layukan da suka tasa ta fi siranta. Da ka ga wani duhu-duhu yana tasowa daga ƙasa, tsaya cak, faiba ce ke leƙowa. Wanda bai taɓa yi ba, shawarata ya tsaya a kwamfawun. Sauran inuwar takan ragu da kanta bayan watanni a rana, ko da ba ta ɓace gaba ɗaya ba.

Gargaɗi: jelkot mai ƙyalƙyali, wanda ake zuba wa ƙananan ɓurɓushi masu walƙiya, siririn rufi ne mai haske a samansa, in samfefa ta huda shi an gama. Jirgi mai fenti kuma a tambayi irin fentin kafin a sa masa inji. Fentin Awlgrip, alal misali, masu yin sa ba sa son a goge shi da kwamfawun.

12. Kaki ko sabuwar sitika

Sinadaran nan sun cire duk kakin da ke kare wurin, don haka kada ka bar shi tsirara. In ba za ka sa wata sitika ba, shafa kakin jirgi bayan folish. In za ka sa, to sitika ce farko, kaki daga baya, domin ba ta kama wurin da ke da kaki ko maiƙo. Sake sharewa da sifirit, bar shi ya bushe sarai, manna, ka ba ta kwana biyu zuwa uku kafin ka shafa kaki ko ka sa jirgin a ruwa. Idan inuwar ba ta gama fita ba, sa a yanka maka sababbin haruffan su ɗan fi tsoffin girma, ka ɗora su a daidai gurbin. In kuma lambar rajista ce ka cire, mayar da ita kafin ka fita, da girman da dokar wurinku ta tanada.

Tsummokin da suka sha sinadari kada ka dunƙule su ka jefa cikin jirgi ko bayan mota. Shanya su a fili, nesa da wuta, su bushe, sannan ka zuba a gwangwanin ƙarfe mai murfi. Ragowar sinadarin kuma a rufe shi a kwalbarsa ta asali, ba a juye shi a ƙasa ko a magudanar ruwa.